Sayen Babbar Mota Da Wahalar Riƙonta A Ƙasar Gumel

Duk wanda ya je Maigatari ran Alhamis, ranar da kasuwa ke ci, in ya ɗauke idonsa daga kan shanu da raƙuma da tumaki ya dubi bakin hanya, zai ga wani garke dabam. Manyan motoci ne irin waɗanda mu ke kira jif, na fatake, da na masu mulki, da na ma'aikatu, sun jeru suna ƙyalli. In kuwa ya komo Gumel ya zaga wuraren makanikai, zai tarad da 'yan'uwan waɗannan motoci an ɗora su bisa duwatsu, ƙura ta rufe su, awaki na kwana ƙarƙashinsu. Waɗansu wata uku ke nan suna jiran wani ɗan ƙarfe daga Kano ko Ikko, waɗansu kuwa masu su sun fid da rai.

Wannan al'amari ya isa a tsaya a dube shi, gama ya shafi jarin 'yan kasuwa, ya kuma shafi baitulmalin jama'a. Ni aikina duba makarantu ne, rabin kwanakina a bisa hanya na ke yin su, saboda haka abin da zan faɗa na gan shi, wani kuma na ɗanɗana shi.

Dalilin Da Ya Sa A Ke Son Su

Kada mu fara da zargi. Ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasar jigawa ce. Akwai kwalta daga Kano zuwa Gumel, tafiyar kimanin kilomita 120, ta kuma zarce har Maigatari a bakin iyakarmu da Nijar. Amma da zarar mutum ya sauka daga kwalta ya nufi ƙauyuka, sai rairayi da rani, sai laka da kududdufai da damina. Ƙaramar mota mai ja da ƙafa biyu ta kan kafe, a yi ta haƙa ana turawa. Mota mai tsawon ƙafa wadda ke ja da ƙafafu huɗu ita ce ke ratsawa. Malamin asibiti mai kai allurar rigakafi, da malamin dabbobi, da mai sayen riɗi ko zoɓo a ƙauye, duk suna da hujja in sun nemi irin wannan mota.

Haka abin ya ke tun zamanin En'e. An fara ƙera Land Rover a Ingila a 1948, ita ce kuwa motar rangadi ta Di'o da manyan ma'aikata. Kamfanin Toyota na Japan ya fito da tasa a 1951, wadda daga baya aka sa wa suna Land Cruiser. Waɗannan motoci na dā ba su da ƙawa, kujerunsu da tauri, amma in sun tsaya a daji, direba mai hankali da sifana da filaya ya kan tashe su.

Akwai kuma dalili na biyu wanda ba a cika faɗinsa a fili ba. Matsayin da ingarman doki ya ke da shi a ƙofar mai sarauta ko attajiri, yanzu jif ce ta gaje shi. Mutum ya kan saye ta don a san ya samu, ko da ya ke daga gidansa zuwa rumfarsa kwalta ce. Magabata sun san sayen doki ba shi ne wahala ba, ciyad da shi ne. Mu ne muka manta da wannan sa'ad da dokin ya zama na ƙarfe.

Inda Motocin Ke Fitowa

Kaɗan ne daga cikinmu ke iya sayen sabuwa fil. Yawancin waɗanda mu ke gani tsofaffi ne da aka gama morarsu a Amurka ko Turai, irin waɗanda mu ke kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fid da rahoto a watan Oktoba 2020, inda ta nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fid da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 zuwa ƙasashen waje, kashi 40 cikin 100 kuwa Afirka suka zo. Binciken da hukumomin Holan suka yi a tashar jiragen ruwansu ya nuna yawancin motocin da a ke turowa Afirka daga can shekarunsu tsakanin 16 ne da 20, kuma da yawa ba su da takardar shaidar lafiya. Waɗansu daga Amurka sun yi haɗari ne, ko ambaliya ta shanye su, kamfanin inshora ya yi gwanjonsu, aka daddaɓe su aka shafa fenti. Motar da ruwa ya taɓa shanyewa, wayoyinta a hankali su ke ruɓewa, sai bayan wata shida ta fara nuna halinta.

Tun ran 1 ga Janairu 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashar jiragen ruwa. Mu da ke zaune a bakin iyaka mun fi kowa sanin abin da wannan ke nufi: wanda aka yi wa tallar jif da araha mai ban mamaki, lalle ya tambayi takardar fito, in ba haka ba wata rana zai bar ta a hannun ma'aikatan kwastan.

Kada kuma a zaci sabuwar ba ta ciwo. A watan Mayu 2024 kamfanin Toyota ya yi kiran motoci kimanin 102,000 a Amurka, irin Tundra da Lexus LX, domin an bar ɓarɓashin ƙarfe cikin injinsu tun a masana'anta, daga baya ya ce zai sake musu inji. A watan Afrilu 2025 kamfanin General Motors ya yi kiran kusan 600,000, cikinsu har da Cadillac Escalade da Chevrolet Tahoe da Suburban da GMC Yukon, saboda lahani a ƙarafan cikin inji. A can, doka ta tilasta wa kamfani ya aika wa mai mota takarda, ya gyara masa kyauta. Motar da ta ƙetaro teku kafin a gyara ta, da ciwonta ta zo, ba kuwa mai aiko wa mutumin Maigatari takarda.

Abin Da Ke Kashe Su A Nan

Na farko ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ya kan cika sararin sama, hanyoyinmu kuwa ko da yaushe a cikin ƙura su ke. Inji iska ya ke shaƙa kamar mutum. In matatar iska ta toshe ko ta yage, ƙurar ta kan shiga ta gauraya da baƙin mai, ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin fistin da zobbansa. Adadin tafiyar da littafin mota ya ce a yi kafin a juye baƙin mai, an ƙayyade shi ne don ƙasashen da ba su san hazo ba. A nan sai an rage shi.

Na biyu zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu ya kan wuce digiri 40. Mota mai nauyin tan biyu da rabi tana kokawa da rairayi a irin wannan rana, na'urar sanyaya ɗaki kuma a kunne, ba abin da ke tsakaninta da ƙonewa sai lagireto. Mu kuwa ruwan rijiya mu ke ɗura masa maimakon ruwan da aka yi dominsa. Gishirin da ke cikin ruwan rijiya ya kan daskare ya toshe 'yan bututun, tsatsa ta bi baya. Ran da inji ya tafasa, gaskit ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe, an shiga gyaran da ba ya ƙarewa. Waɗansu motocin alfarma kuma ba sifirin gare su ba, jakunkunan roba ne cike da iska. Zafi ya kan busad da robar ta tsage, mutum ya wayi gari ya ga motarsa ta durƙusa kamar raƙumi.

Na uku mai. Injin zamani ta 'yan ƙananan kafofi ya ke fesa mai, ɗan ruwa ko ɗan datti ya isa ya ɓata su. A watan Nuwamba 2019, sa'ad da iyakoki ke rufe, hukumar kwastan ta hana kai mai ga gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Garuruwa irin Maigatari suka koma ga 'yan bumburutu, mai a jarka da galan, ba mai sanin abin da aka gauraya. Ko na gidan mai ma ba kullum ya ke tsira ba: a watan Fabrairu 2022 an shigo da fetur daga Beljiyam mai yawan sinadarin metanol, ya lalata motoci da dama a Ikko da Abuja. Har wa yau akwai wata ɗabi'a da tsada ta koya mana, watau yawo da babbar mota da ɗan mai a gindin tanki. Famfon mai a cikin tanki ya ke zaune, man ne kuma ke sanyaya shi. In kullum tanki a bushe ya ke, famfon ba ya daɗewa.

Na huɗu, shi ne kuwa mafi girma, rashin masu gyara. Jif ta yau tana da akwatin ƙwaƙwalwa da na'urori masu yawa da ke ba shi labarin zafi da iska da gudu. In fitilar gargaɗi ta kama, sai an jona mata kwamfuta kafin a san ciwon. Makanikanmu mutanen kirki ne masu basira, amma yawancinsu a kan Peugeot 504 da motocin kafireto suka koyi aiki. In ba na'urar bincike, sai a koma ga canke: a sake wannan, in ba ta tashi ba a sake wancan, mai mota na biya. Wani ya cire abin da ke daidaita zafin ruwa, wani ya yanke waya ya haɗa kai tsaye, wani ya fasa tukunyar tace hayaƙi wadda su ke kira indomi. Ko wane ɗaya ya kan kawo sauƙi na mako guda, sa'an nan ya haifi sabon ciwo.

Mu Yi Lissafi

Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai. Cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Bari mu ɗauki lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi. Babbar jif ta kan sha kimanin lita 15 a kilomita 100, in a kwalta ne, ƙaramar mota kuwa kimanin lita 8. Zuwa Kano da komowa daga Gumel kilomita 240 ne. Jif za ta sha lita 36, watau naira 36,000, ƙaramar kuwa wajen naira 19,000. Land Cruiser mai tanki biyu lita 138 ke cika ta. Mafi ƙanƙantar albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli 2024 naira 70,000 ne a wata. Ashe cika tanki sau ɗaya ya kusa cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na wata biyu.

Kayan gyara kuwa da dala a ke sayo su. Kafin watan Yuni 2023, sa'ad da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ɗaya tana wajen naira 750 a hannun 'yan canji. A farkon 2024 ta kai naira 1,500 har ta wuce. Abin da a ke saye dala 200, dā naira 150,000 ne, ya koma 300,000, alhali kuwa kuɗin shiga na mai motar bai ninka ba. Ko wane abu na jif kuma babba ne: tayarta ta fi tsada, baƙin man da injinta ke ci ya kusa ninka na ƙaramar mota, birkinta ya fi saurin cinyewa saboda nauyi. In abin ya ɓaci a Gumel, sai a aika Ƙofar Ruwa a Kano, in babu a can sai Ladipo a Ikko. Mai saye kuma yana tsakanin abu uku: sabo na asali wanda ya fi ƙarfinsa, tsoho da aka ciro daga wata motar wanda ba a san sauran kwanansa ba, da jabu mai kama da na asali. Araha dai ba ta ado.

Abin Da Na Gani Da Idona

Akwai wata babbar jif da aka taɓa ba mu don rangadin makarantu. Ran da ta iso kowa ya yi murna, muka ce wahalar rairayi ta ƙare. Shekarar farko ba ta ba mu kunya ba. A ta biyu, wata rana da bazara, muna tsakanin ƙauyuka biyu a ƙasar Sule Tankarkar, sai fitila ta kama, mota ta ƙi wuce gudun mai keke, daga nan ta mutu. Amalanken shanu ne ya fid da mu bakin kwalta. Aka ja ta zuwa Kano, aka sake abu biyu waɗanda daga baya aka gane lafiyarsu lau, kafin a kai ga ainihin ciwon, wata 'yar na'ura wadda ba ta fi babban yatsa ba. Kafin a sami izinin fid da kuɗi, a yi odar abin, ya iso, zangon karatu guda ya wuce.

Kuɗin da aka kashe ya isa a sake rufin azuzuwan da iska ta yaye. Amma hasarar da ta fi damuna ba ta shiga takardar akanta ba. Cikin wannan zango akwai makarantun da ba wanda ya leƙa. Da muka koma, mun tarar a wata makaranta malami ɗaya ne ke zuwa cikin huɗu, yara sun watse sun koma kiwo. Tun daga ran nan babur na ke hawa zuwa ƙauyukan nesa. Ba shi da daɗi, amma ko wane gari akwai mai gyara shi.

Wani ɗan kasuwa da na sani, mai fataucin dabbobi, ya sayi tasa bayan wata shekara mai albarka. Ciwon giya ya fara, sa'an nan na inji. Ya sayad da shanu ya gyara, ya sake sayarwa ya sake gyarawa, gama ya ga ya riga ya zuba da yawa, ba ya iya janyewa. Daga ƙarshe ya ba da ita a kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da ya saye ta, jarinsa kuwa ya raunana. Hausawa sun ce kowa ya hau motar kwaɗayi, a tashar wulakanci zai sauka.

Dukiyar Jama'a

Mai kuɗinsa yana da ikon ya yi abin da ya ga dama da su. Maganar ta sake in kuɗin baitulmali ne. A watan Oktoba 2023 jaridu sun ba da labarin sayen manyan jif na waje don 'yan Majalisar Tarayya, ko wace a kan kimanin naira miliyan 160. Masu kare sayen sun ce hanyoyin mazaɓunsu ba su da kyau, sai irin wannan mota ke jurewa. Akwai gaskiya a ciki, mu mutanen jigawa ba za mu musa ba. Amma in an auna da albashin naira 70,000, kuɗin mota ɗaya albashin shekara 190 ne. Kuma in mugunyar hanya ce hujja, kuɗin da ke sayen mota don mutum ɗaya ya ratsa ta, da an zuba shi a hanyar, da dubban mutane sun ratsa.

Kuskuren da ma'aikatu ke yi shi ne a sa kuɗin saye cikin kasafi a manta da kuɗin riƙo. Shi ya sa harabar ofisoshi da yawa ta zama makabartar motoci, waɗansu abin da ya kashe su bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗinsu ba.

Shawara

Ga mai niyyar saye, ya fara tambayar kansa sau nawa a wata ya ke sauka daga kwalta. In amsar ba ta da yawa, ƙaramar mota ta ishe shi, ran da ya ke bukatar shiga daji ya yi haya. In lalle sai jif, ya zaɓi irin wadda ta yawaita a ƙasar, wadda kayanta ke samuwa a Kano, ya guji mai yawan ƙawa. Kusan ko wace mota tana da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17, da ita a ke binciken tarihinta ta intanet, a san ko ta yi haɗari, ko ruwa ya shanye ta, ko kamfani ya yi kiranta. Ya sa a jona mata kwamfuta kafin ya biya. Ya dubi shekarar tayoyi, gama a jikin ko wace taya an rubuta mako da shekarar da aka yi ta. In bayan ya biya kuɗin mota ba shi da sauran abin da zai sake mata giya ko inji, to, lokacin sayenta bai yi ba tukuna.

Ga hukumomi, ko wace mota da za a saya a rubuta kuɗin riƙonta na shekara biyar tare da kuɗin sayenta, a dube su gaba ɗaya. A ba motar rangadi littafi, a riƙa rubuta tafiyarta da ranar juye mai. A bambanta motar aiki da motar alfarma: mai kai magani ƙauye ya fi bukatar ja da ƙafa huɗu bisa ga mai zuwa ofis a Dutse.

Ga mu ma'aikatan ilmi kuwa, nauyin ya fi yawa. Motocin nan sun riga sun shigo, ba kuwa za su koma ba. Yaranmu da ke gama sakandare suna zaune, ga kuwa sana'a tana neman masu ita. Ya kamata makarantun koyon sana'a na Jihar Jigawa su sami na'urorin binciken mota da malaman da suka iya su, a kuma riƙa kiran makanikan da ke bakin aiki a ƙara musu sani da maraice. Wanda ke shakkar ko ɗan Arewa zai iya, ya tuna da Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, ya kuma shugabanci hukumar kula da ƙera motoci ta Nijeriya daga 2017 zuwa 2023. Ran da aka sami yara goma a Gumel da Maigatari waɗanda suka iya karanta ciwon mota a kwamfuta, kuɗin da mu ke kai wa Kano da Ikko a nan zai tsaya, motocin da ke bisa duwatsu kuma da yawa za su sauko.

Allah ya sa shugabanni da talakawa mu san gwargwadon ƙarfinmu, ya kiyaye mu a bisa hanyoyinmu, amin.